Firinta tana ɓacewa bayan an ɗauke wuta, folda kuma ta ƙi buɗuwa: ina matsalar take?

Tambayar ta zo ne daga wani malamin makaranta mazaunin Gyaɗi-Gyaɗi a birnin Kano. Ya ce yana da tsohuwar kwamfutar tebur mai Windows 10 a ɗakin karatunsa, da sabon laftof mai Windows 11 Pro da ya saya wa 'yarsa ɗalibar Jami'ar Bayero, da kuma firinta mai waifai, dukkansu a kan rawuta guda, wato na'urar da ke raba waifai a gidan. Kusan duk lokacin da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, sai kwamfutocin biyu su nuna cewa firintar ba ta kan layi, alhali ga ta nan a kunne. Ban da wannan, laftof ɗin ya ƙi ganin foldar da ke cikin kwamfutar tebur, inda yake ajiye takardun darasi da 'yar tasa take taya shi gyarawa. Wani mai gyara ya ba shi shawarar ya kashe katangar tsaro ta Windows, wato Firewall mai tare shigowar baƙin na'urori, ya kuma kunna wani abu da ake kira SMB1. Yana son sanin ko ya bi wannan shawara.

Malam, wa'alaikumus salam. Kada ka bi shawarar, domin babu ɗaya daga cikin abubuwan biyu da ya taɓa ainihin matsalarka, kuma kowannensu ƙofa ce da in ka buɗe ta yau za ka manta da ita a buɗe har shekara ta zagayo. Matsaloli biyu ne daban kake fama da su, ko da yake sun yi kama da juna. Ta firinta matsalar adireshi ce, ta folda kuwa matsalar izini ce. Zan fara da ta firinta, domin ita ce ta fi addabar gidajen Kano, kuma tushenta yana cikin abin da ka ambata da bakinka, wato ɗauke wuta.

Duk na'urar da ta hau kan rawutar gidanka, waya ce ko kwamfuta ko firinta, sai rawutar ta ba ta lamba, wadda ake kira adireshin IP. Lambar takan zo a rukuni huɗu, misali 192.168.1.23, inda rukuni uku na farko suke nuna gidan, na ƙarshe kuma yake nuna na'urar. Wannan lamba aro ce, ba mallaka ba. Rawuta tana rabonta ne kamar yadda ɗan kamasho yake rabon lambar layi a tasha da safe: motar da ta riga zuwa ita take karɓar ta gaba. Yawancin ƙananan rawutocin da ake sayarwa a Farm Centre da titin Beirut suna riƙe wannan lissafi ne a ƙwaƙwalwar da ke gogewa da zarar wuta ta yanke. Idan wuta ta dawo, wayoyin gida, waɗanda batirinsu bai bar su sun mutu ba, sukan riga firinta komawa, sai ɗaya daga cikinsu ta iya karɓar lambar da firinta take da ita jiya, ita kuwa firintar a ba ta wata. Kwamfutarka ba ta san an yi wannan canji ba. Ranar da aka haɗa ta da firintar an rubuta mata cewa firinta tana lamba kaza, don haka can take ci gaba da aika takarda, kuma da ta ƙwanƙwasa ba a amsa ba sai ta rubuta maka Offline. A garin da wuta ba ta yankewa, mutum zai iya shekara bai gamu da wannan ba. A wurinmu, tsakanin wutar nefa da janareta da komawa kan inbata, rawuta tana iya mutuwa ta tashi sau da yawa a yini ɗaya.

Kafin ka yarda da ni, ka gwada da kanka. Nan gaba idan abin ya faru, je wurin firintar ka sa ta buga shafin bayanin sadarwarta. Kusan kowace firinta mai waifai tana da wannan a cikin saitinta, ko a ƙaramin allonta ko ta hanyar danne maɓallin waifai na 'yan daƙiƙoƙi, gwargwadon samfurin. A shafin za ka ga adireshin da take riƙe da shi a lokacin. Sai ka koma kwamfuta, ka buɗe Printer properties, ka shiga shafin Ports, ka duba lambar da aka rubuta a gaban layin da aka yi wa alama. Idan lambobin biyu sun saɓa, ka kama ɓarawon. Domin ƙarin tabbaci, buɗe burauza ka rubuta adireshin da firintar ta buga maka a wurin da ake rubuta adireshin shafin intanet. In shafin saitin firintar ya buɗe, to hanya lafiya take, firinta lafiya take, kwamfutar ce kawai take neman ta a tsohon gida.

Akwai abubuwa biyu da shafin nan zai iya nuna maka waɗanda ke canza labarin. Na farko, idan adireshin ya fara da 169.254, ma'anarsa firintar ba ta samu lamba daga rawuta ba sam, sai ta laƙaba wa kanta wadda ba ta kai ta ko'ina. Wannan yakan faru ne saboda firinta tana gama tashi kafin rawuta, wadda kan ɗauki minti ɗaya ko biyu, sai ta nemi lamba ba ta samu mai ba ta ba. Maganin gaggawa shi ne ka kashe firintar ka sake kunna ta bayan fitilun rawuta sun daidaita. Na biyu, idan rukuni uku na farko na adireshin firinta ba su yi daidai da na kwamfuta ba, to ba a gida ɗaya suke ba ko da suna ɗaki ɗaya. Za ka ga adireshin kwamfuta idan ka buɗe Command Prompt ka rubuta ipconfig. Na sha zuwa gidan da aka rantse mini cewa komai yana kan rawuta guda, sai na tarar laftof ya koma kan 'yar ƙaramar na'urar intanet ta aljihu mai adireshin 192.168.8, ko kan wayar wani yaron gida, tun lokacin da aka ɗauke wuta, kuma bai dawo ba. Tun da 'yarka ɗaliba ce mai yawo da laftof tsakanin gida da makaranta, wannan ne abu na farko da zan duba a nata ɓangaren.

Maganin dindindin shi ne a daina ba firinta lambar aro. Shiga saitin rawutarka ta burauza. Adireshinta shi ne wanda ipconfig ya nuna a gaban Default Gateway, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, sunan shiga da kalmar sirri kuma sukan kasance a manne a ƙasan na'urar. Nemi sashen DHCP, wato sashen rabon lamba, a cikinsa akwai wurin keɓe adireshi, wanda wasu kamfanoni ke rubuta wa Address Reservation, wasu Static Lease. A nan za ka haɗa lambar da ka zaɓa da lambar haihuwar firintar, wadda ake kira MAC, mai haruffa da alƙaluma 12 a jere biyu-biyu, tana nan a shafin da ka buga. Daga ranar, ko sau nawa wuta ta yanke, rawuta za ta ajiye wa firinta lambarta. Idan rawutarka ba ta da wannan sashe, kamar yadda wasu da kamfanonin waya ke bayarwa ba su da shi, sai ka rubuta wa firintar adireshi na dindindin a cikin saitinta, amma ka zaɓi lambar da take wajen iyakar da rawuta ke rabawa, don kada wata rana a ba wata waya irinta su yi karo. Misali, in rawuta tana raba daga 100 zuwa 199, ba firinta 50. Bayan haka sai ka cire firintar daga kowace kwamfuta, ka sake ƙara ta da hannu ta hanyar zaɓin ƙara firinta da adireshin IP, ka rubuta sabuwar lambar. Kuma tun da ka shiga saitin rawuta, ka keɓe wa kwamfutar tebur ita ma lambarta, domin za mu buƙace ta a batun folda.

Ra'ayina a nan shi ne ka fifita wannan haɗi na adireshi a kan wanda Windows ke yi da kanta, wanda za ka ga sunansa ya fara da WSD a shafin Ports. An ƙirƙiri WSD ne don kwamfuta ta gano firinta ko da adireshi ya canza, kuma a takarda dabara ce mai kyau, amma a aikace na fi samun ƙorafin Offline daga gare shi, musamman da firintar da ke shiga barci mai nauyi. Wani ƙaramin abu kuma: in bayan duk wannan kwamfuta ta nace cewa firinta ba ta kan layi alhali shafinta yana buɗuwa a burauza, shiga Configure Port ka cire alamar da ke kan SNMP Status Enabled. Windows tana amfani da shi ne wajen tambayar firinta halin da take ciki, kuma wasu firintoci ba sa amsa wannan tambaya, sai a ɗauka sun mutu.

Takardun da aka tura lokacin da firinta ta ɓace sukan taru su toshe layi, har sabuwar takarda ta kasa wucewa. In gogewa ta hanyar da aka saba ta ƙi, buɗe services.msc, wato jerin ayyukan da Windows ke gudanarwa a bayan fage, tsayar da Print Spooler mai kula da layin bugawa, share duk abin da ke cikin C:\Windows\System32\spool\PRINTERS ba tare da ka share foldar kanta ba, sannan ka sake tayar da shi.

Game da waifai ɗin kansa, firintoci da yawa na gida ba sa jin zangon 5 GHz, sai na 2.4 GHz kaɗai, don haka a tabbata wannan zango a kunne yake a rawuta. Shi ne ma ya fi iya ratsa bangon bulo da ƙofofin ƙarfe irin na gidajenmu. Kada a ɗora firinta a kan waifai ɗin baƙi, domin an tsara shi ne musamman don na'urorin da ke kansa su samu intanet amma kada su ga juna. Haka nan in ka ga wani saiti mai suna AP Isolation a kunne, kashe shi. In kuwa firintar tana da ramin kebul na sadarwa kuma rawuta ba ta da nisa, ja mata kebul ka huta. Zan ƙara da cewa ɗan ƙaramin batirin ajiya na rawuta, irin wanda ake samu a kasuwa, yana rage wannan wahala ƙwarai, tun da rawutar ba za ta mutu ba tsakanin ɗauke wuta da tayar da janareta. Amma kada ka ɗora firintar leza a kan ƙaramin UPS, wato batirin ajiya na kwamfuta, domin ƙarfen da ke gasa hodar tawada a jikin takarda yana jan ɗaruruwan wat lokacin da yake ɗumama, abin da zai iya durƙusar da na'urar har kwamfutar ta mutu tare da ita.

Yanzu ga batun folda. Abin da ke rikita mutane shi ne suna buɗe sashen Network a laftof, in ba su ga sunan ɗaya kwamfutar ba sai su yanke hukuncin cewa babu haɗi. Wannan jerin sunaye ba abin dogaro ba ne; kwamfuta tana iya rashin bayyana a cikinsa alhali ƙofarta a buɗe take. Gwajin gaskiya shi ne ka danna maɓallin Windows tare da R a laftof, ka rubuta adireshin kwamfutar tebur bayan karkatattun layuka biyu, kamar haka: \\192.168.1.40, ka danna Enter. Abin da ya biyo baya shi zai gaya maka inda ciwon yake.

Idan ya daɗe yana nema sannan ya ce bai samu hanya ba, sau da yawa da lambar kuskure 0x80070035, to kwamfutar tebur ce ta rufe ƙofa, ko kuma ta yi barci. Windows tana kasa duk waifai ɗin da ta hau gida biyu, Public da Private. Na farko na wuraren da ba ka san mutanen da ke ciki ba ne, kamar otal ko harabar jami'a, kuma a kansa katangar tsaro takan toshe raba fayil da gangan. Windows 11 takan sa sabon waifai a wannan rukuni idan ba a gaya mata akasin haka ba. Je saitin sadarwa a kwamfutocin biyu ka mayar da waifai ɗin gidanka Private, sannan a Advanced sharing settings ka kunna Network discovery da File and printer sharing a ƙarƙashin Private kaɗai. Yin haka yana sa katangar ta buɗe ƙofar da ake buƙata, wato mai lamba 445, a gida kawai, ta bar sauran a rufe. Wannan ne dalilin da ya sa shawarar kashe katangar gaba ɗaya ba ta da amfani: mai gyaran yana son rushe katanga ne saboda bai nemi inda makulli yake ba, kuma laftof ɗin da aka kashe wa katanga a Gyaɗi-Gyaɗi haka zai hau waifai ɗin makaranta gobe tare da ɗaruruwan na'urorin da ba ka sani ba. Idan akwai wata manhajar riga-kafi da aka saka a kwamfutar, a tuna cewa wasunsu suna zuwa da tasu katangar, kuma ita ma sai an gaya mata cewa wannan waifai na gida ne. In kana son sunan kwamfutar ya riƙa fitowa a jerin nan, sa Function Discovery Resource Publication ya riƙa tashi da kansa a services.msc.

Idan kuwa ya tambaye ka suna da kalmar sirri, to ka ci rabin yaƙin, domin hanya ta buɗe. Abin da yake nema shi ne asusun da ke kan kwamfutar tebur, ba na laftof ba, kuma kalmar sirri ta ainihi, ba lambobin PIN da ake shiga da su kullum ba. Asusun da ba shi da kalmar sirri sam, kamar yadda aka saba barin kwamfutocin gida, Windows ba ta yarda a shiga da shi daga wata na'ura. A da ana kauce wa wannan ta hanyar kashe Password protected sharing don kowa ya shiga a matsayin baƙo, amma daga sigar 24H2 ta shekarar 2024, Windows 11 Pro ta daina amincewa da shigar baƙo sai an tilasta mata, kuma ina kyautata zaton wannan ne ya sa sabon laftof ɗin ya ƙi abin da tsofaffin kwamfutoci suke karɓa. Za ka ga masu koyar da yadda ake tilasta matan. Ban ba ka shawarar haka ba, tun da hanya mai tsabta ba ta fi minti biyar ba. Buɗe sabon asusu na cikin gida a kwamfutar tebur, ka ba shi suna kamar Iyali da kalmar sirri mai ƙarfi, ba tare da ikon shugaba ba. A laftof, in an tambaya, a rubuta sunan kwamfutar tebur, karkataccen layi, sannan Iyali, a kuma yi alama a wurin tuna bayanan. Idan an taɓa adana kuskuren kalmar sirri a baya, laftof zai yi ta maimaita ta ba tare da ya sake tambaya ba, sai an shiga Credential Manager an goge ta.

Akwai hali na uku, wanda ya fi ba mutane haushi: ka ga foldar da idonka, amma ka danna ta ce ba ka da izini, ko ta buɗe amma ta hana ajiye gyara. Dalili shi ne ƙofa biyu ce, kamar ƙofar zaure da ƙofar ɗaki. Shafin Sharing na foldar shi ne zaure, shafin Security shi ne ɗaki, kuma duk wadda ta fi tsanani a cikinsu ita ke da hukunci. Dole a ƙara asusun Iyali a duka biyun, a ba shi ikon canzawa in ana son 'yarka ta riƙa ajiye gyaranta. Na fi son a buɗe sabuwar folda kai tsaye a kan C ko D, a ba ta gajeren suna kamar Darasi, maimakon raba wadda ke kan fuskar kwamfuta ko cikin Documents, domin waɗannan suna cikin keɓantaccen sashen mai asusu, kuma raba su kan jawo a buɗe fiye da abin da aka yi niyya. Kada a raba C ɗin gaba ɗayansa ko da wasa.

SMB shi ne harshen da kwamfutocin Windows ke magana da shi wajen raba fayil, SMB1 kuwa tsohon nau'insa ne da ya samo asali tun shekarun 1980. Nau'i na biyu ya zo tare da Windows Vista, saboda haka Windows 7 da 10 da 11 ba sa buƙatar na farkon don su fahimci juna. Kunna shi tsakanin kwamfutocinka biyu ba zai gyara komai ba. Ta ɓarakar da ke cikinsa ne cutar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017, ta kulle fayilolin kwamfutoci a ƙasashe da dama tana neman kuɗin fansa, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila, kuma daga sigar 1709 ta Windows 10 a wannan shekarar Microsoft ta fara janye shi. Inda kawai ake buƙatarsa yau shi ne kwamfuta mai Windows XP, ko tsofaffin injinan hoton takardu na gwanjo da ke tura abin da suka ɗauka zuwa folda, ko wasu tsofaffin rawutoci masu ramin filasha. Ba ka da ko ɗaya. Haka nan in wani ya ce maka ka nemi HomeGroup, tsohon tsarin Windows na raba fayil a gida, ya makara, an cire shi tun sigar 1803 a shekarar 2018.

Ga masu karatu da firintarsu ba ta da waifai, tana haɗe da kwamfuta ɗaya ta kebul ɗin USB ana rabawa daga can, duk abin da na faɗa game da folda ya shafe su, domin ta ƙofa ɗaya ake bi, kuma sai uwar kwamfutar tana kunne ba ta barci ba sannan a iya bugawa. Su ne suka fi gamuwa da kuskuren 0x0000011b, wanda ya yawaita bayan gyaran tsaro na watan Satumban 2021, lokacin da ake toshe wata ɓaraka a tsarin bugawa na Windows. Yakan fito ne idan kwamfuta ɗaya ta karɓi gyaran ɗayar ba ta karɓa ba, abin da ya zama ruwan dare a nan saboda mutane suna kashe sabuntawa don tsimin data. Dabarar da ta yaɗu ta canza wata lamba a rajistar Windows, wato ma'ajiyar saitunanta, tana aiki, amma abin da take yi shi ne mayar da ɓarakar. Abin da ya dace shi ne a sabunta kwamfutocin duka, a saka direban firintar, wato manhajar da ke sarrafa ta, a kan kowacce daga shafin kamfanin da ya ƙera ta, sannan a sake haɗawa.

Wannan ya kawo ni ga kwamfutar tebur taka, Malam. Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoban 2025. Raba folda tsakaninta da laftof zai ci gaba da aiki, amma tun da ita ce ma'ajiyar takardunka, ka riƙa kwafe foldar Darasi zuwa wani faifai na waje da ba ya zama a manne da ita, domin asusun da ka ba ikon canzawa yana da ikon gogewa, kuma fayil ɗin da aka goge daga laftof ta hanyar sadarwa ba ya shiga kwandon shara na ko ɗaya daga cikin kwamfutocin biyu.